Sharhi: Jojiya da Gasar Waƙar Yara ta Turai, Ƙofar da Siyasa Ba Ta Kai Ga Rufewa Ba

A ranar 13 ga watan Disamban 2025 ne birnin Tbilisi, fadar mulkin ƙasar Jojiya, ya karɓi baƙuncin gasar waƙar yara ta nahiyar Turai, wadda aka fi sani da Junior Eurovision. Karo na biyu ke nan da gasar ta sauka a birnin. Damar ta samu ne bayan da wani yaro ɗan shekara 11, Andria Putkaradze, ya ciyo wa ƙasarsa kambu a birnin Madrid na Sifaniya ranar 16 ga Nuwamban 2024, da wata waƙa da ya rera wa mahaifiyarsa. Ya samu maki 239 a cikin ƙasashe 17 da suka fafata, Fotugal ta zo ta biyu, Yukren ta uku. Da wannan nasara ta 2024 Jojiya ta zama ƙasar da ta fi kowace lashe gasar a lokacin, sau huɗu ke nan, yayin da Faransa ke biye mata da uku a wancan lokaci.

Kwana 12 kacal bayan wannan murna, wato ranar 28 ga Nuwamba, Firaminista Irakli Kobakhidze ya ba da sanarwar cewa gwamnatinsa ta jingine batun tattaunawar shiga Tarayyar Turai har zuwa ƙarshen 2028. Tun a daren ranar jama'a suka cika titin Rustaveli da ke gaban ginin majalisar dokoki, aka shiga zanga-zangar da ta ɗauki watanni ana yi kullum. Saboda haka gasar da aka yi a Tbilisi ta wuce bikin yara kawai. A daidai lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnatin Jojiya da hukumomin Turai, dandamalin waƙar yara na cikin 'yan wuraren da suka rage inda ƙasar ke zama da sauran ƙasashen nahiyar a matsayin 'yar gida, kuma a sahun gaba. Ɗorewar wannan matsayi kuwa ta rataya ne a kan abu guda: 'yancin gidan talabijin ɗin ƙasar.

Asalin gasar da dokokinta

Gasar ta samo tushe ne daga ƙasar Denmak, inda gidan talabijin na ƙasar ya fara shirya wa yara gasar waƙa a shekarar 2000. Da abin ya karɓu, sai Ƙungiyar Kafofin Yaɗa Labarai ta Turai, wadda ake kira EBU a taƙaice, mai hedikwata a Janiba, ta ɗauki tsarin ta faɗaɗa shi. An yi gasar farko a birnin Kofinhegin a watan Nuwamban 2003 da ƙasashe 16, kuma Dino Jelusić na Kuroshiya ne ya yi nasara. Ita dai wannan ƙungiya ita ce ke shirya babbar gasar Eurovision ta manya tun 1956, wadda tun 1990 aka hana duk wanda bai kai shekara 16 ba shiga cikinta. Gasar yaran ta zo ta cike wannan gurbi. A dokar da ake bi tun 2016, ɗan takara ba zai gaza shekara 9 ba, ba zai kuma wuce 14 ba.

Kowace ƙasa waƙa ɗaya take kawowa, sabuwa, wadda ba ta wuce minti uku ba, kuma ana so mafi yawan baitocinta su kasance cikin harshen ƙasar. Rabin maki na fitowa ne daga alƙalan da kowace ƙasa ta naɗa, waɗanda suka haɗa da ƙwararrun makaɗa da kuma yara. Sauran rabin kuwa masu kallo ne ke bayarwa ta ƙuri'ar intanet, tsarin da aka fara a 2017, wanda ya ba mutum damar zaɓar har ƙasarsa.

Akwai wata ƙa'ida da sai da ita ake fahimtar lamarin Jojiya. A hukumance, gwamnatoci ba sa shiga gasar. Gidajen rediyo da talabijin na jama'a da ke cikin ƙungiyar EBU su ne 'yan takara, su ke zaɓar yaro, su biya kuɗin shiga, su kuma nuna shirin. Idan gidan talabijin ɗin wata ƙasa ya rasa kujerarsa a ƙungiyar, to yaran ƙasar ma sun rasa dandamali.

Ƙaramar ƙasa mai kambu huɗu

Jojiyar da ake magana a kai ita ce ta yankin tsaunukan Kokasas, ba jihar nan ta Amurka mai irin wannan suna ba. Tana da mutane kimanin miliyan 3.7. Rasha ce maƙwabciyarta ta arewa, Turkiyya da Armeniya suna kudu, Azabaijan na kudu maso gabas, Bahar Aswad kuma na yamma. Ta ayyana 'yancinta daga Tarayyar Sobiyet a 1991. Ta fara shiga gasar yaran a 2007 a birnin Rotterdam na Holan, inda ta zo ta huɗu, kuma tun daga lokacin ba ta taɓa fashi ba.

Nasararta ta farko ta zo a lokaci mai wuya. A watan Agustan 2008 Jojiya ta gwabza yaƙin kwana biyar da Rasha a kan yankin Ossetia ta Kudu. Bayan yaƙin Rasha ta amince da wannan yanki da na Abkhazia a matsayin ƙasashe masu cin gashin kansu, Jojiya kuma ta yanke huldar jakadanci da Mosko, huldar da har yau ba a maido ba. Wata uku bayan haka, a birnin Limassol na Sayifurus, wasu yara uku 'yan Jojiya da ake kira Bzikebi, ma'ana rina a harshensu, suka hau dandamali sanye da tufafi masu ratsin baƙi da rawaya, suka rera waƙa cikin wani harshe na ƙirƙira mai kwaikwayon ƙugin ƙwaro. Su suka lashe gasar. Abin da ya fi jan hankali a daren shi ne, maki 12, wanda shi ne mafi girma da wata ƙasa ke iya bayarwa, Rasha ta miƙa shi ne ga Jojiya.

Wannan maki ya yi tasiri har a wajen gasar yara. Kafin lokacin gidan talabijin na Jojiya ya riga ya ce ba zai je gasar manya ta 2009 da za a yi a Mosko ba. Bayan nasarar Limassol sai ya sauya shawara. Sai dai waƙar da ya zaɓa tana ɗauke da wasa da kalmomi da kowa ya fahimci shaguɓe ne ga Vladimir Putin, wanda a lokacin yake firaministan Rasha. Ƙungiyar EBU ta nemi a gyara baitocin ko a sauya waƙar, saboda dokarta ta hana saƙon siyasa. Jojiya ta ƙi, ta janye. Cikin 'yan watanni ke nan aka ga iyakar abin da waƙa za ta iya yi: ta sassauta zukata na ɗan lokaci, amma ba ta goge abin da yaƙi ya bari ba.

Nasara ta biyu ta zo a 2011 a birnin Yerevan na Armeniya ta hannun ƙungiyar 'yan mata mai suna Candy. Ta uku kuma a 2016 a birnin Valletta na Malta, inda Mariam Mamadashvili ta yi fice da waƙar "Mzeo", wadda ke nufin rana. Wannan nasara ce ta kai gasar Tbilisi a karon farko a 2017. A can ma tarihi ya sake haɗa maƙwabtan biyu, domin Polina Bogusevich ta Rasha ce ta lashe gasar a tsakiyar babban birnin Jojiya, mai masauki kuma ta zo ta biyu.

Abin da ke bayan nasarorin

Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma kambu huɗu cikin shekara 16 ba sa'a ce kawai ta kawo su ba. Dalili na farko shi ne gadon waƙa. Mutanen Jojiya sun shahara da rera waƙa da muryoyi uku a lokaci guda, kowace murya da nata karin, amma su haɗu su ba da sauti ɗaya. Hukumar UNESCO ta sanya wannan salo cikin manyan kayan gadon ɗan Adam tun 2001, kuma waƙarsu ta gargajiya mai suna "Chakrulo" na cikin sautukan da aka naɗa a faifan zinaren da kumbon Voyager na Amurka ya tafi da shi sararin samaniya a 1977. Yaron da ya tashi a inda ake irin wannan rerawa a majami'a da wajen biki da teburin cin abinci, kunnensa ya riga ya horu kafin ya shiga aji.

Dalili na biyu shi ne ɗorewa a kan tsari ɗaya. Mawallafin kiɗa Giga Kukhianidze ne ya tsara kiɗan dukkan waƙoƙi huɗu da suka ciyo kambun, daga na 2008 har zuwa na 2024. Tun 2018 kuma gidan talabijin na ƙasar ke zaɓar wakilinsa ta wani shiri mai suna Ranina, inda yara ke shafe makonni suna fafatawa a gaban alƙalai da kyamara, suna rera waƙoƙin gargajiya da na zamani. Kafin yaro ya isa dandamalin Turai, ya riga ya saba da fitilu da taron jama'a. Wannan horo ne ya bayyana a Madrid, inda mafi yawan makin Andria ya fito daga alƙalai, alhali Fotugal ce ta fi samun ƙuri'ar intanet.

Dalili na uku ya shafi sauran ƙasashe. Manyan ƙasashen yammacin Turai da dama ba su ɗauki gasar yaran da muhimmanci ba na tsawon lokaci. Birtaniya ta shiga daga 2003 zuwa 2005, ta ɓace, ta dawo a 2022, ta sake ficewa bayan 2023. Faransa ta shiga sau ɗaya a 2004, ba ta koma ba sai 2018, kuma da ta mai da hankali sai ta lashe a 2020 da 2022 da 2023. Ƙasashen da suka fito daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet kuwa, irin su Jojiya da Armeniya da Yukren da Belarus, sun riƙe gasar hannu bibbiyu, domin a wurinsu hanya ce ta nuna wa duniya tutarsu da harshensu.

Bambancin na fitowa fili idan aka dubi gasar manya. Jojiya ta fara shigarta ita ma a 2007, amma mafi kyawun sakamakonta shi ne matsayi na tara a 2010 da 2011. Daga 2017 zuwa 2023 ba ta kai zagayen ƙarshe ba ko sau ɗaya. A fagen manya, inda kuɗin talla da yawan 'yan ƙasa mazauna waje da ƙawancen maƙwabta ke tasiri, ƙaramar ƙasa na shan wuya. A fagen yara kuwa, inda murya da horo suka fi nauyi, ta zama gagarabadau.

Inda siyasa ta shigo

Kundin tsarin mulkin Jojiya, a sashe na 78, ya wajabta wa hukumomin ƙasar yin duk abin da za su iya don ganin ta shiga Tarayyar Turai da ƙungiyar tsaro ta NATO. Ƙasar ta miƙa takardar neman shiga Tarayyar a watan Maris na 2022, aka kuma ba ta matsayin mai jiran shiga a watan Disamban 2023. Daga nan al'amura suka fara lalacewa. A watan Mayun 2024 majalisar dokoki ta zartar da dokar da ta tilasta wa ƙungiyoyi da kafofin yaɗa labarai masu samun fiye da kashi 20 cikin ɗari na kuɗinsu daga waje su yi rajista a matsayin masu kare muradun ƙasashen waje. Masu suka sun ce an kwaikwayo dokar ne daga Rasha. Sai zaɓen 26 ga Oktoban 2024, wanda hukumar zaɓe ta ce jam'iyyar Georgian Dream mai mulki tun 2012 ta lashe da kimanin kashi 54 cikin ɗari. 'Yan adawa da shugabar ƙasa ta lokacin, Salome Zourabichvili, sun yi watsi da sakamakon, Majalisar Dokokin Turai kuma ta nemi a sake zaɓen.

Gwamnati na da nata bayanin. Tana cewa ba ta fasa burin shiga Tarayyar Turai ba, abin da ta ƙi shi ne a riƙa yi mata barazana da batun tattaunawar. Tana kuma kare manufarta ta kauce wa fito-na-fito da Rasha da cewa ita ce ta hana ƙasar faɗawa halin da Yukren ke ciki. 'Yan adawa kuwa na ganin ana jan ƙasar ne a hankali zuwa ƙarƙashin inuwar Mosko.

A tsakiyar wannan taƙaddama ne gidan talabijin na jama'a na Jojiya, wanda shi ne ya shirya gasar Disamban 2025, ya sami kansa. Masu zanga-zanga sun sha yin dandazo a ƙofarsa suna zarginsa da karkata ga gwamnati, suna neman a ba su damar magana kai tsaye. A watan Afrilun 2025 an sallami wasu fitattun ma'aikatansa biyu da suka fito fili suka soki yadda ake tafiyar da labarai, hukumar gidan kuma ta danganta matakin da saɓa wa ƙa'idojin aiki.

Abin da ya sa wannan ya shafi gasar yara shi ne abin da ya faru da Belarus. Ƙasar ta halarci kowace gasa daga 2003 zuwa 2020, ta lashe a 2005 da 2007, ta kuma karɓi baƙunci a birnin Minsk a 2010 da 2018. Amma a 2021 ƙungiyar EBU ta dakatar da gidan talabijin ɗinta saboda yadda ya zama makamin gwamnati wajen murƙushe 'yan jarida da masu adawa. Tun daga lokacin babu yaron Belarus da ya sake hawa dandamalin. Rasha, wadda ta lashe a 2006 da 2017, ita ma an rufe mata ƙofa bayan da ta mamaye Yukren a 2022. Halin da ake ciki a Jojiya bai kai na Belarus ba, kuma ƙungiyar EBU da kanta ce ta ba Tbilisi baƙuncin gasar 2025. Duk da haka, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Rasha kuwa ta gina nata dandamalin. A watan Satumban 2025 ta farfaɗo da gasar Intervision ta zamanin yaƙin cacar baka, ta gayyato ƙasashe daga Asiya da Afirka da Latin Amurka, mawaƙin Biyetnam ya yi nasara. Jojiya ba ta je ba. Wannan ya nuna cewa a fagen al'adu har yanzu fuskar ƙasar na kallon yamma, ko da kuwa a fagen siyasa an dakata.

Yaran da ke ɗauke da tuta

A duk wannan lissafi, waɗanda ake ɗora wa nauyin suna tsakanin shekara 9 ne zuwa 14. Tun farko an yi muhawara a kan dacewar hakan. Denmak, wadda ta haifi gasar, ta fice bayan 2005 tare da Norwe, bisa dalilin cewa matsin ya yi wa yara yawa, suka koma shirya tasu ta yankin arewacin Turai. Yaƙi ma na isowa har ɗakin atisaye. A 2020 Armeniya ta janye saboda yaƙin Nagorno-Karabakh bayan ta riga ta zaɓi wakiliyarta, Maléna, wadda ta dawo a 2021 ta lashe gasar a birnin Faris. Da aka je Yerevan a 2022, Azabaijan ba ta halarta ba.

Abin da ke biyo bayan kambu ma ba ɗaya ba ne ga kowa. Destiny Chukunyere ta Malta, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne tsohon ɗan ƙwallon ƙafa, ta lashe gasar yara a 2015 a birnin Sofiya na Bulgeriya, daga bisani ta wakilci ƙasarta a gasar manya ta 2021 ta zo ta bakwai. Iru Khechanovi, ɗaya daga cikin 'yan matan Candy da suka ciyo wa Jojiya kambun 2011, ita ma ta wakilci ƙasarta a gasar manya ta 2023 a birnin Liverpool, amma ba ta tsallake zagayen kusa da na ƙarshe ba. Ƙasar da ta ƙware wajen horar da yara masu murya har yanzu ba ta gina kasuwar waƙa da za ta riƙe su idan sun girma ba, domin masu jin harshen Jojiya a duniya 'yan miliyoyi ne kaɗan.

Abin lura a gasar Disamban 2025

Ga gwamnatin Jojiya, gasar ta kasance dama ta nuna cewa ƙasar na zaune lafiya, kuma Turai ba ta juya mata baya ba. Ga 'yan adawa, zuwan tawagogi da 'yan jarida daga ƙasashen nahiyar ya kasance dama ta jawo idon duniya kan titin Rustaveli. Ita kuwa ƙungiyar EBU, wadda ke nanata cewa gasanninta ba na siyasa ba ne, ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da gidan talabijin ɗin da wani ɓangare na al'ummarsa ke zargi, abin da zai sa a auna ta da ma'aunin da ita kanta ta yi amfani da shi a kan Belarus.

  Sakamakon da ya fi kambu nauyi ba a daren gasar aka karanta shi ba. Zai bayyana ne a shekarun da ke tafe, gwargwadon yadda gidan talabijin na jama'a ya iya riƙe 'yancinsa, domin da kujerarsa a ƙungiyar EBU ne kaɗai yaran da ke koyon rerawa a Tbilisi da Kutaisi da Batumi za su ci gaba da samun dandamalin da waɗanda suka gabace su suka yi fice a kai tun 2008.